Ƙafa Goma Sha Biyar

Asabar, ƙarfe tara da minti arba'in na safe, sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa — kuma ga ta nan. A kan reshe, daidai tsayin fuskar mutum, cikin wata 'yar kafa tsakanin ganyaye. Mujiyar arewa. 'Yar dunƙule, ba ta fi damtsen hannu ba. Tana kallon Corinne, Corinne tana kallonta.

Sannu a hankali. Kada ki saki numfashi a kan gilashi.

Mariƙin kyamara mai ƙafa uku ya riga ya tsaya a kan katakon gadar da ta ratsa fadamar. Ta kwance ƙullin sama, dogon gilashin kyamarar ya juyo lumui, bai yi ƙara ba. Ta kwana goma tana koyon wannan a falonta, tana matsar da nauyin gaba da baya har ya tsaya cak duk inda ta sake shi. Ido a 'yar tagar leƙawa. Yatsa a kan maɓalli, rabin dannawa...

Ruwan ƙasa. Toka-toka. Babu kai, babu ido.

Injin cikin gilashin yana ta nema — gaba, baya, gaba — kamar mai lalube a ɗaki. Ta ɗago kai. Mujiya. Ta mayar da ido. Hazo.

A'a. A bi abin daki-daki. Murfi? An cire. Raɓa? Babu. Ɗan makunnin gefe da ke hana shi neman abin da ke kusa — ta taɓa da safar hannu, a buɗe yake. To, da hannu. Ta murza zoben saiti, ta murza, ta murza, ya kai ƙarshe ya tsaya. A ƙarƙashin 'yar tagar lambobi an rubuta abin da ta sani tun ranar da ta buɗe kwalin: ƙafa goma sha biyar. Abin da ya fi haka kusa, gilashin nan ba ya ganinsa.

Tsakaninta da reshen? Goma. Goma sha ɗaya in an yi mata adalci.

Wata uku ta yi tana zaɓe. Jadawali a kwamfuta, layi-layi: nauyi, nisan da yake jawowa, hasken da yake sha, ko yana jure sanyi. Biyu suka rage. Ɗaya mai miƙewa da tsukewa, mara nauyi, yana kama abu ko a ƙafa bakwai. Ɗayan wannan, mai tsawon hannu. Akwai layin da ta rubuta wa "mafi kusa" — ita da kanta ta goge shi, don takardar ta shiga shafi ɗaya. Mai shagon kyamara a garin Wausau yana dariya: "Baiwar Allah, tsuntsu ba ya zuwa gaisuwa. Duk wanda ya sayi gajere sai ya dawo yana cizon yatsa." Ai gaskiya ya faɗa. Mujiyar da ta gani bara can ƙetaren fadama take, da madubin hangen nesa ta gan ta, minti huɗu cur...

"Mun gode da rahotonki. Kwamiti bai samu isasshiyar shaida ba."

Shafi biyu ta rubuta wa kwamitin tantance tsuntsaye a kan ta baran. Baki fari-fari, ba baƙi ba. Goshi ɗigo-ɗigo, ba zane-zane irin na 'yar mujiyar da kowa ya saba gani ba. Ba a taɓa tabbatar da ita a gundumar nan ba, to sai me? Shekara ashirin da biyu tana haɗa magani, ba ta taɓa ba mutum ƙwayar wani ba.

Baya. Koma baya kawai.

Taki ɗaya, kwankwasonta ya bugi katakon dogarawa. Bayan katakon, rafi — ruwan idon ƙasa, baƙi, yana hayaƙi, ba ya daskarewa ko a Janairu. Faɗin gadar ƙafa huɗu ne. To gefe. Ta ɗaga mariƙin da hannu biyu, taki biyu hagu: ganye ya rufe. Taki uku dama: kututture. Kafar nan ɗaya ce, daga nan kaɗai ake ganin ciki. Ta dawo inda ta fara. Ƙafa ɗaya ta mariƙin ta ja katako, ƙiii...

Mujiyar ta lumshe ido ɗaya. Ba ta tashi ba.

Me ya sa ba ta tashi ba?

"Wa ya bar kyanwar nan a kan murhu?" Mama a bakin kicin, cokali a hannu, lokacin tana shekara hamsin da biyu. Ba ta tsorata ba, haushi kawai ta ji. "Corinne, sauke ta, za ta ƙone." Babu kyanwa. Ba su taɓa ajiye kyanwa ba. Daga baya tsuntsaye a kan labule, ƙananan karnuka a ƙarƙashin tebur. Kullum ƙanana, kullum shiru, kullum suna kallonta. Takan faɗi kalarsu dalla-dalla, har ɗigon da ke kunne. Mama ma ai ba ta taɓa kuskuren lissafin ɗinki ba, kafin...

Ita Corinne yanzu arba'in da bakwai. Saura biyar.

Waya. Wawuya, waya ma ai tana hoto! Hannu ya kai aljihu ya tsaya. Tana mota, a jone, domin sanyi irin na yau yana kashe ta cikin minti goma. Wannan ma yana cikin jerin da ta manna a jikin firij: waya a mota, batir biyu a aljihun ciki, ƙaramar kyamara a gida don rage nauyi. Komai bisa tsari. Babu abin da ta manta. Da ma ta manta wani abu...

Wendell yana da ƙarama. Tsohon mai raba wasiƙu, abokin yawonta na kowace Asabar, da 'yar kyamararsa mai shiga aljihu, wadda rabin hotunanta wutsiya ce. Yana can wurin ajiye motoci da butar kofi da gwiwarsa mai ciwo. "Yi gaba, uwar mujiya, ina tafe. Ke da wannan igwa taki! Hoto za ki ɗauka ko yaƙi za ki? In kin ga ƙawar taki ki ce ina gaisuwa." Wasa yake. Shekara guda yana wannan wasa, a gaban kowa, har a wurin cin abincin ƙidayar tsuntsaye ta Kirsimeti, bakinsa cike da dankali. Bai san tsoron da take ciki ba. Joyce kaɗai ta sani, ƙanwarta, ita ma rabi.

"Yaya, kin kira likitan?"

"Madara ce kawai na sa a kabad, Joyce. Kowa yana yi."

"Sau uku?"

Ta kira Wendell? Ihu ɗaya, ya ji. Ihu ɗaya, reshe ya zama wayam. Ta ruga ta dawo da shi? Minti shida zuwa, da gwiwarsa goma dawowa, kuma sai ta ɗauke ido. Ba za ta ɗauke ido ba.

A cire ƙarin gilashin da ke tsakanin dogon da kyamarar? Ba ya canza komai, ta karanta, ta ma ja layi a ƙarƙashi. Akwai wani zobe da ake sawa don a ga na kusa — ta gan shi a shagon, ɗan mitsitsi, a rataye kusa da ƙofa. "Na masu ɗaukar furanni ne," in ji mai shagon.

To a cire kyamarar daga mariƙi. Ƙulli ya daskare, ta cire safar hannu da haƙori. Ƙarfe ya ciji yatsunta. Nauyin gaba ɗaya a hannu, ta jingina baya a kan katako, ta ƙara, ta ƙara, kanta yana saman ruwa, katakon yana kuka a ƙugunta. Ƙafa sha biyu? Sha biyu da rabi? Hazon ya ɗan tsuke. Akwai wani abu mai kama da da'ira biyu, rawaya-rawaya... ko ganye ne da rana ta taɓa? Ta danna. Ta riƙe. Tas-tas-tas-tas. Hannu yana rawa, sanyi ne, nauyi ne, kowa hannunsa zai yi rawa.

Ta sauke. Ta duba da idonta, nata, na Allah. Baki fari-fari. Goshi ɗigo-ɗigo. Baƙin zagaye a gefen fuska. Gashin ƙirji yana motsi da iska. Ai abin da ba ya nan iska ba ta kaɗa shi... ko tana kaɗawa? Ba ta taɓa tambayar Mama ba. Shekara tara tana jinyarta, kullum "babu komai a can, Mama", ko sau ɗaya ba ta ce: yaya gashinta yake, yana motsi?

Yi wani abu. Don Allah. Karkaɗe ƙanƙarar reshen, yar da gashi ɗaya, yi kashi ma. Bar mini wani abu da hannu zai ɗauka.

Mujiyar tana kallonta kawai.

Katako ya yi ƙara can baya. Taki, ja, taki, ja. Wendell. Yana fito da baki, wata tsohuwar waƙar rediyo. Shiru, Wendell, don girman Allah... Ta juya, ta ɗaga hannun da ba safa, ta ɗora yatsa a leɓe, ta yafuto shi. Daƙiƙa biyu. Uku.

Ta juyo.

Reshe. Ganye. Kafar tana nan, babu kowa a ciki. Ba ta ji fiffike ba — ai mujiya ba a jin tashinta, kowa ya san haka. Reshen yana lilo? Kamar yana yi. Duk rassan suna yi.

"Mene ne?" Wendell yana haki, kofi a hannu, 'yar kyamarar tana reto a wuyansa. "Ke, ina safar hannunki? Yatsunki sun yi fari fa. Me kika gani?"

Ta miƙa masa bayan kyamarar. Ya gyara tabarau, ya danna, ya danna, ya kai ƙarshe, ya sake dawowa farko. Wannan karon bai yi wasa ba.

Hotuna sittin da uku ne. Babu ko ɗaya da ake gane abin da ke ciki.