Gajere, Karen Delu

Ni Balki ban taɓa son kare ba, kuma ba don na tsufa zan ce ina so ba. Dabba ce da in ta sa baki a ƙwaryarka sai ka wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, a ƙauyen da sai ka zura guga gaba ashirin kafin ka taɓa ruwa. Amma karen da ya zauna a gidan ƙanena Nomau, a ƙauyenmu na kusa da Hamdara, ya zauna mini a wuya har yau.

Yunwar Kakalaba ce ta mayar da ni gidan. Ta ci mijina, ta ci Talatu matar Nomau, ta bar mana awaki uku, jaki ɗaya, da 'yar Nomau, Delu, wadda lokacin ko shekara huɗu ba ta cika ba. Yarinya sai kai da ido, ba ta magana, ba ta kuka, sai dai ta zauna gindin rumbu tana kallon ƙasa. Wata rana Nomau ya dawo daga gona da ɗan kwikwiyo a cikin riga, ya ce a wani rami gindin kalgo ya tsince shi, uwar ta mutu. Na ce, "Nomau, mu da ba mu ƙoshi ba, ka kawo mana wani baki?" Sai ya dire shi gaban yarinyar. Ta dube shi, ta ce, "Gajere." Rabona da jin muryarta ya fi wata biyu.

Sunan ya bi shi, ko da yake ƙarya ce tsagwaronta. Kafin damina biyu ya miƙe, ja, siririn ciki, ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar na barewa. In ya tashi zomo a gona, sai dai ka je ka karɓa.

Tun da safe suke farawa. In na dama koko na zuba mata, sai ta zagaya bayan turmi wai ba na ganinta, ta kurɓa, ta miƙa masa, ta sake kurɓa. Na yi faɗa, na yi duka, na wanke ƙwarya har hannuna ya yi kanta, daga baya na ba ta wata tsohuwar sakaina na ce ga tasa nan, Allah ya shirye ku. Ba ta daina ba. In muka tafi rijiya yana gaba tana riƙe da jelarsa. In rana ta yi tsaka su kwanta ƙarƙashin gawo, kanta a kan haƙarƙarinsa, tana ba shi labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta kan cire masa kaska da 'yan yatsunta, ta jera a kan dutse, ta daka su da wani dutsen tana yi musu faɗa. Har ɗankwalina ta taɓa ɗaura masa, wai za a kai shi gidan miji. Ɗaki ne kawai na hana shi shiga, shi kuma ya san iyakarsa, a bakin ƙofa yake ajiye haɓa.

Shekarar da Delu ta yi shida, ana gab da shuka, labari ya zo cewa Nasara ya fito rangadi daga Damagaram, yana karɓar dabbobi da hatsi, wai ana yaƙi a ƙasarsu. An ce a ƙauyen Guna ko bunsurun da ake kiwo don suna bai tsira ba. To, gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, me kake jira? Kowa ya shiga ɓoye abin da yake da shi. Mu muka haƙa rami a ɗakin girki muka binne irin geronmu, muka dawo da murhu a kai. Awaki da jaki kuwa Nomau ya ce zai kai su bayan duwatsun da ke arewa da gari.

Ya ce, "Yaya, bari Delu ta tafi can ta zauna da awakin, ita da karenta, har baƙin su wuce."

Ni ce na hana. Na ce, "Kai ma dai. Wannan da ko kaza ta gifta sai ya yi haushi, shi za ka kai maɓoya? Ai shi zai kira su. Bar shi a ƙofar gida, ita ma ta zauna. In Nasara ya zo ya ga gidan da ba kowa sai marainiya da kare, ya san ba abin ɗauka."

Nomau ya ce dabarar ta yi. Har alfahari na yi da ita. Mu a wurinmu kare ba dukiya ba ne. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kai wa sarki shi gaisuwa, ko ɓarawo ba ya kallonsa. Ko a mafarki ban ɗauka akwai mutumin da zai bar akuya ya nemi kare ba.

Da hantsi suka shigo: Nasara a kan doki, tafinta, da sojoji biyu masu jar hula, mai gari Tanimu yana biye da su yana share gumi. Da suka iso ƙofarmu Delu na zaune a dakali, ta rungume wuyan Gajere don kada ya yi haushi, kamar yadda na ce mata. Nasaran ya ja linzami. Ya sauko, ya durƙusa a ƙasa, mutumin da mai gari ke cire wa takalmi, ya durƙusa gaban kare. Ya shafa bayansa, ya ɗaga ƙafarsa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, bai ko goge hannu ba. Mutane na ta sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni ma ta kusa kuɓuce mini.

Sai ya yi magana, tafinta ya ce, "Kumandan ya ce karen farauta ne na ƙwarai. Ya ce shi zai ɗauka a gidan nan, ya yafe muku sauran."

Soja ɗaya ya zura igiya a wuyansa, hannun Delu na nan a kai. Ba ta gane ba sai da aka fizge shi. Ta bi su da gudu har bakin gari tana kiran Baba, Nomau kuwa yana tsaye kamar an dasa shi. Ni na je na ɗauko ta.

Da la'asar gidanmu ya cika da 'yan barka. An tafi da ragon mai gari, an tafi da bijimin Ado maƙeri, an kwashe rumbu biyu a unguwar yamma, mu kuma kare. Wani ya ce, "Nomau, kai dai da goshi kake." Wata ta ce, "Balki, wannan dabara taki sai a rubuta a sha." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yarinyar tana gindin rumbu, ba wanda ya dube ta. Na kai mata tuwo, na dawo na tarar kaji na ci.

Kwana huɗu ba ta ce uffan ba. Rana ta biyar da sassafe ina share tsakar gida na ji numfashi a zaure. Gajere ne, da guntun igiyar da ya tattaune rataye a wuyansa, cikinsa ya manne da baya, tafin ƙafafunsa duk sun tsage suna jini. Daga birnin Damagaram ya taho, tafiyar da jaki ke kwana a hanya. Delu ta fito ta faɗa kansa, suka yi ta birgima a ƙasa, tana dariya tana cewa, "Gwaggo, ya san gida. Na ce miki ya san gida." Yaushe ta ce mini, ban sani ba, wataƙila a zuciyarta ne. Ranar na zuba masa koko a ƙwaryata ta kaina.

Murnar ba ta kai azahar ba. Mai gari Tanimu ya zo da kansa, ya ja Nomau gefe, amma ina ji. Ya ce ɗan aike ya iso daga bariki: kumandan ya ce ya san inda karensa ya tafi, a mayar da shi kafin jibi, in ba haka ba sojoji za su zo su nema gida-gida. Tanimu ya ce, "Nomau, ka san abin da za su tarar in suka fara ɗaga murhu. Ba naka kaɗai ba, na gari duka. Ga hadari ya fara haɗuwa. Me za mu shuka?"

Nomau ya ɗauko igiya. Gajere na ganinta ya tsallake danga, da ƙafafun nan nasa, ya yi arewa. Maza goma suka bi shi, ya haye kan babban dutse ya tsaya yana kallonsu. In sun hau ta nan ya sauka ta can. Suka kai masa ƙanzo, suka kai ƙashi, Ado har da 'yar tsokar nama, ko kallo bai yi ba. Kare ne, amma ya koyi abin da hannun namiji ke nufi. Rana ta karkata suka dawo suna haki, suka tsaya cirko-cirko a ƙofarmu, kowa ya san abin da ya rage, ba mai son ya faɗa. Nomau ya ce, "Yaya, ni ba zan iya ce mata ba."

To, wa zai iya? Mai dabara. Na shiga ɗaki na lakato man kaɗanya a tafin hannu, na je na tsuguna gabanta. Na ce, "Delu, kin ga ƙafafun Gajere? Duwatsun nan sun yi zafi, za su ƙara tsaga su. Tashi mu je ki kira shi, in shafa masa magani."

Ta dube ni, ta dubi man. Ta ce, "Baba ya ajiye igiyar?"

Na ce, "Ya ajiye."

Ta ce, "Ki ce wallahi."

Na ce. Allah ya ji, ni ma na ji bakina ya faɗa.

Muka tafi, tana riƙe da gefen zanena. Mazan sun riga mu, sun laɓe bayan dutse yadda na tsara musu. Ta tsaya a fili ta kira shi sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya leƙo, ya daɗe yana shaƙar iska, na tabbata ya ji warinsu. Duk da haka ya sauko yana ɗingishi, yana kaɗa jela a hankali, ya zo ya sa kansa a cinyarta. Ta kama ƙafarsa ta gaba ta ɗaga mini, ta ce, "Fara da wannan, Gwaggo, ta fi ciwo."

Nan suka faɗo masa. Nomau ya danne wuya, Ado ya ɗaure ƙafafu bibbiyu, wani ya ɗaure baki da tsumma. Bai ciji kowa ba, ita kawai yake kallo. Aka kawo jakinmu, aka sa shi a mangala gefe ɗaya, aka sa dutse a ɗaya gefen don kada kaya su karkata. Nomau ya kora jakin ya kama hanyar Damagaram, bai waiwayo ba.

Na jira ta yi kuka, ta yi birgima, ta cije ni, da na fi son haka. Ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallo har jakin ya shige cikin gonaki. Maza suka watse suna cewa alhamdulillahi, an rabu lafiya. Ni da ita kaɗai muka rage, man ya narke yana bin gwiwar hannuna.

Na ce, "Delu, zo mu je gida."

Na miƙa mata hannu, ta mayar da nata baya. Ta ce, "Gwaggo, ai da kin shafa masa maganin kafin su tafi."