Guntun Jirgin Nuhu

Ina shiga zauren na tarar Filemon yana tura wa ubansa guntun katako ƙarƙashin matashi. Uban, Silas, maƙwabcina ne kuma kafinta irina. Shekara talatin muna ƙwace wa juna masu ciniki a bakin bodar Jibiya. Yanzu ciwo ya cinye shi, sai idanu.

Katakon daga hannun wani mai wa'azi ya fito, wanda ya tsallako daga Maraɗi da hotuna da takardar Faransanci mai hatimi. Wai masana sun tono jirgin Annabi Nuhu a kan wani dutse, wannan guntunsa ne. A shekarar aka ƙaddamar da shari'a, gardamar addini ta cika tasha, Filemon kuma ya gaji da a ce masa ɗan Maguzawa. Yana son abin da zai ɗaga ya nuna.

Silas ya laluba ya zaro guntun. Ya shinshina, ya kankare da farce, ya ɗora a harshe.

"Maɗaci ne," in ji shi. "Ko shekara biyar bai yi da sara ba. An dai shafa mishi baƙin mai."

Filemon ya ce ai akwai takarda. Uban ya ce takarda ba ta san itace ba. Ya ce shi ya yarda da Nuhu tun kafin a haifi mai takardar, bai kuwa nemi ganin jirgi ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Lado, na ƙone layun ubana da hannuna ran da na bi Yesu. Kada a maishe ni ƙasa tare da wata laya. Kai za ka yi akwatin. Ka duba kahin ka buga murfi."

Na ce masa na ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba.

Ya cika ranar Talata da hantsi. Na yi akwatin da katakon da ya fi kowanne kyau a rumfata, abin da da yana raye sai ya ce na yi ɓarna. Da aka kwantar da shi na ɗaga gefen farin ƙyallen. Guntun yana nan cikin tafin hannunsa.

Na ajiye guduma. Fasto yana jira, mata suna waƙa a tsakar gida.

"Baba Lado, mi zai rage mishi?" in ji Filemon a hankali.

"Ban sani ba. Ni dai ya ce in duba."

Ya daɗe a tsaye yana kallon fuskar uban. Daga bisani ya sunkuya ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya cire guntun, ya mayar da hannun kan ƙirji yadda yake. Muka ɗora murfi. Ina bugawa, yana miƙo mini ƙusoshi.