Tururuwa a Cikin Nonona

Shekarar farin nan, ƙarshen mulkin Shugaba Diori, ina goyon ɗana na fari a garinmu, a unguwar da ake kira Zariya. Maigidana Rabi'u ya bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Najeriya neman abin yi. Gero kaɗai ya bar mana, sai kunu safe da rana.

Gefen bakina ne ya fara yin ja, ya tsage. Sai ya sauka bayan hannuwa da tsakanin yatsu, fata tana saɓulewa tana ruwa. Gashi kuma yana biyo mataji.

Uwar mijina, Inna Tsahara, ta zo daga Tibiri. Ta ɗaga yaron tana masa tsiyar da ta saba, wai angon nata ya rame, ko amarya ba za ta so shi ba. Da ta dubi hannuwana sai dariyar ta tsaya. Ta sa na tatsa nono a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa. In ta fito da ranta, nonon lafiya. Ba ta fito ba.

Ta ce ciwon ya shiga nono, da yaron za ta koma a ba shi na akuya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa a gabanta, balle in yi gardama a kansa. Na ɗaure masa 'yan rigunansa da hannuna.

Na jima ina jinya kafin maƙwabciyata Atika ta ja ni gidan likita. Lokotoron ya duba ni da kyau, ya ce ba kuturta ba ce, ba ya yaɗuwa. Jikina ne ya rasa wani sinadari, tutiya, wanda ake samu a nama da hanta da wake, ga shayarwa tana ƙara janye shi. Na tambaye shi nonon. Ya ce in ci abinci in shayar, raba yaron da shi ya fi komai haɗari.

Daga can tashar Tibiri na nufa. Na iske yaron kwance a tabarma, zawo ya zuƙe shi, maɗigarsa ta faɗa. Akuyar ma ta ƙafe, kunu suke ɗura masa.

"Balki, gaban mutane? Ina kunyarki?" in ji Inna, ganin ina kwance zane.

"Inna, ki gafarce ni. Miƙo min Alkasim."

Ranar na fara kama sunansa a gabanta. Ta miƙo shi ba ta dube ni ba.

Ya kama, ya ja, ya saki. Na matsa da yatsuna masu ciwo, ɗigo ne kawai ya fito. Na roƙi a dafa min wake ko ƙanƙane ne, na juya shi ɗaya ɓangaren. Bakinsa yana motsi a hankali, ni kuwa ina kallon maƙogwaronsa, ina jiran in ga ya haɗiye.