Tumatirin Ƙarshen Kanal

Datti ya dasa tumatir a gonarsa ta ƙarshen kanal bai tambayi ɗansa wace jami'a zai tafi ba. Nan aka yi kuskuren.

Duk manomin rani a Bunkure ya san gonar ƙarshe ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da aka sako ruwa, sai ɗaya ya tsaya can sama yana gadi kada maƙwabta su toshe hanya da laka su karkatar da shi gonarsu, ɗaya kuma yana ƙasa yana kafa bututu kunya bayan kunya. A da alkama kawai Datti yake watsawa a wurin, don ita tana ɗan jure ƙishi. Bana da ya ji ɗansa Garzali ya samu gurbin karatun injiniya a Kano, sai ya ce to madalla, Kano ai nan ce da nan, yaro zai riƙa hawo mota duk Asabar, ranar ruwansu. Ya cika gonar da dashe har bakin iyaka.

Sai ga jami'ar Zariya ita ma ta ba yaron gurbi.

"Baba, Zariya nake so," in ji Garzali, suna zaune a tsakar gida da la'asar.

"Kano ta yi maka me?"

"Ba ta yi min komai ba. Lantarki suka ba ni. A Zariya ruwa zan karanta, yadda ake gina kanal, yadda ake raba shi ya kai ga kowa."

"Ruwa? Ga shi nan a bayan gari, tun kana rarrafe kake cikinsa. Injiniya ai injiniya ne. Kano za ka."

Barira, uwar yaron, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, wai tumatir ne zai zaɓa wa yaron nan makaranta?"

"Ke dai ji da garinki."

Garzali ba ya musu da ubansa, kuma wannan shi ya fi damun Datti, don ya fi iyawa da mai musu.

Asabar ta zo. Datti ya miƙa wa yaron sanda ya tura shi sama, daidai gonar Sammani, maƙwabcin da suka daɗe suna faɗa a kan ruwa. Shi kuma ya jera bututu yana jira. Hantsi ya ɗaga, ruwan na zuwa kamar ana tatsarsa. Ransa ya ɓaci, ya naɗe wando ya bi bakin kanal, ya riga ya shirya zagin da zai yi.

Tun daga nesa ya jiyo muryar Sammani.

"A'a, Injiniya! An zo gadin laka? Kai yara, ku matsa ku ba Injiniya inuwa. Jami'a biyu na rububinsa, ubansa ya ba shi sanda!"

'Yan ƙwadagon Sammani suka bushe da dariya. Garzali yana tsugune a bakin ruwa, yana tsoma sandan nan yana zarowa, yana duban inda laka ta tsaya a jikinsa.

Datti ya tsaya cak. Zagin ya maƙale masa. Abin haushin, Sammani bai yi ƙarya ba.

"Baba, ba wanda ya toshe," in ji Garzali da ya gan shi. "Yashi ne ya cika ƙasan. Ko ni na kwana a nan, abin da zai iso mana ke nan. Ina so in san dalilin da yake taruwa a wannan kwanar."

"Ba ni sandan nan," in ji Datti.

Ya ba shi.

"Wuce gida, ka ce wa uwarka ta haɗa maka kaya."

"Na Kano?"

"A Kano aka ce za a koya maka ruwa? Wuce, kada in sake shawara."

Sannan ya juya ga Sammani. "Kai kuma adana bakinka. Ranar da zai dawo da abin awo, ta gonarka zai fara."

"Allah ya nuna mana, Datti. Ni zan riƙe masa igiya."

Ranar Litinin Barira ta ƙulla masa garin ɗanwake da yaji, Datti ya goya shi a keke har Kura, ya sa shi a motar Zariya. Bai yi masa doguwar nasiha ba. Cewa ya yi, "In an koya, ka ji."

Da hutu ya zagayo, Garzali ya dawo da zanen kwanar nan a babbar takarda, ya shimfiɗa a tabarma yana bayani. Datti bai gane ko rabi ba, amma ya aika aka kira Sammani ya zo ya gani.

Gonar kuwa, duk Asabar Datti shi kaɗai ne, ya hau sama ya duba, ya sauko ya gyara bututu, har gwiwarsa ta kumbura. Rabin tumatirin ne ya kai kwando. Ɗaya rabin, na wajen iyaka, a tsaye ya bushe da furensa, Datti ya sakar wa awakin Barira.