Gurasar Hannu Biyu

Gurmit Singh ya ɗauko Alhaji Hamissou daga gidansa a garin Laurel ranar Lahadi, ya kai shi tsohon ɗakin ibadarsu na mabiya addinin Sikh. Shekara ashirin suka yi suna jan tasi a kamfani ɗaya. Tun da ido ya hana Alhaji tuƙi, wata bakwai bai taka ƙofar gida ba. Cewa yake namijin da ba ya aiki ba shi da abin nema a waje. 'Yarsa Najiba ce ta roƙi Gurmit a ɓoye ya fitar da shi.

Suka cire takalma a bakin ƙofa.

"Ba na sunkuya wa kowa sai Allah," in ji Alhaji.

"Wa ya ce ka sunkuya? Hularka ta rufe kai, shi ke nan. Ci muka zo, tsoho."

A ɗakin cin abinci kowa a ƙasa yake, sahu-sahu. Aka zuba musu miyar wake mai yaji, da dankali, da shinkafa da madara.

"Naman fa?"

"Babu. Don kowa ya iya ci, har masu taurin kai irinka."

Mai rabon gurasa ya iso. Alhaji ya miƙa hannun dama. Mutumin ya tsaya yana murmushi, bai sake ta ba.

"Hannu biyu ake tarawa," in ji Gurmit a hankali.

Alhaji ya janye hannu. "Ni ban taɓa roƙo ba. Mayar da ni gida."

Gurmit ya yi masa nuni da haɓa ga wani mai farin gemu da ke kusa da shi. Alhaji ya ƙura ido har ya gane mai farin gemun. Mai kamfanin tasinsu ne, wanda a da sai an yi layi kafin a gan shi. Yana zaune a ƙasa, ya tara hannu biyu, aka saka masa gurasa, ya ɗaga ta ya yi godiya.

"Shi ma?"

"Shi ma. In ya gama kuma shi ne mai shara."

Alhaji ya daɗe yana kallon tafukansa. Sannan ya haɗa su. Gurasar da zafinta. Ya yi bismilla, ya cinye, ya ƙara biyu, ya kora da shayi mai citta.

"Wa ke wanke kwanonin nan?" ya ce.

"Duk wanda ya ga dama."

"Wanke-wanke ba ya buƙatar ido. Nuna mini."

Da la'asar Najiba ta zo ɗaukarsa. Ta same shi a kicin, ya naɗe hannun riga, yana yi wa wani likita faɗa don ya bar maiƙo a faranti. An riga an sa sunansa a aikin Lahadi mai zuwa.

"Baba, ka gaji. Zo mu tafi gida."

Bai ko waiwayo ba.

"Ba inda za ni. Ban gama ba."