Jakar Lalle

Kubura ce ta ɗinke raunin Mufida a asibitin Kalgo, ita ce kuma ta fara ba ta maganin kariya daga ƙanjamau. Amma da aka zo maganar abin da mutumin ya yi mata a hanyar kasuwa, sai Mufida ta juya wajen Halima Sadiya, ma'aikaciyar wata ƙungiya ta Gwandu mai tsaya wa matan da aka yi wa fyaɗe. Ita take kira Adda. Kubura kuwa Sista ce, kamar kowace nas.

Ranar karɓar ragowar maganin Mufida ba ta zo ba. In ta katse shi, wanda ta sha a baya ya tashi a banza.

Kubura ba ta kira Halima ba. Da ta tashi aiki ta sa maganin a aljihu, ta tsayar da mai babur. A bakin ƙofa suka haɗu da Halima.

"Sista, ina zuwa da rana haka?"

"Masama, gidan su Mufida. Marar lafiyata ce ai, tun kafin ta zama ƙanwarki."

Halima ta dubi farar rigar da farin takalmin.

"A haka za ki shiga gidan? Kafin ki sauka daga babur maƙwabta sun fara tambayar ciwon me take yi. Uwarta kaɗai ta sani."

"Ke da kike zuwa kullum fa?"

"Ni mai lalle ce a can. Har tsofaffin gidan na yi wa." Ta buɗe jakarta, ƙullin lalle ne cike.

Mai babur ya tambaya ko za a tafi. Kubura ta ciro maganin ta tura shi ƙarƙashin ƙullin.

"Bayan abinci. In tana amai ki kira ni, kada ki yi mini likitanci."

Washegari Halima ta dawo da jan tafin hannu. Ta ce wa Kubura Mufida ta sha maganin a gabanta.

"Ta tambaye ni?"

"Ta ce a gaida nas ɗin."

"Wacce?"

"Ba ta faɗi suna ba."

Kubura ta gyaɗa kai, ta kira mai bi a layi.