Fedar Hoyt ta Biyu

Ƙanena Purvis bai taɓa kaɗa ko gwangwani ba a rayuwarsa. Saboda haka ranar da ya shigo kicin ɗina ya ce ya sayi jitar feda ta marigayi Hoyt Crabtree, ban tambaye shi dalili ba, don na riga na sani. Duk cocinmu an sani, har fasto. Purvis ya haye sittin bai yi aure ba, kuma tun muna sakandare yake son Leota. Kafin ya gama haɗa maganar a bakinsa Hoyt ya aure ta, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma suka koma Knoxville, Hoyt ya tsufa ya rasu. Purvis yana nan yana haɗa magana.

"Ka san yadda ake kaɗa ta?" na tambaye shi.

"Ai dabarar ke nan, Yaya. Dole in riƙa zuwa wurin Leota ina tambaya."

"Leota ta iya ne?"

"Shekara arba'in tana zaune da ita a gida."

"Ni ma shekara arba'in ina zaune da firji, har yau ban san yadda yake yin sanyi ba."

Bai kula ni ba. Ya ci burodin masarata ya tafi yana fito.

Sai na faɗi gaskiya game da Hoyt, tunda ba ya nan. Mutumin kirki ne, babu gwauruwar da bai gyara wa rufin ɗaki ba a ƙauyenmu. Amma kiɗansa jarrabawa ce. Jitar feda, idan mai ita ya taka fedar da ƙafa, sai tsirkiyoyi su miƙe, murya ta haura sama tana kuka. Fedar Hoyt ta biyu ba ta kaiwa inda aka aike ta. Muryar takan taso da kyau, ta kusa isa, sai ta maƙale a hanya, haƙoran mutum su mutu kamar ya ciji ɗanyen lemo. Kowace Lahadi haka, musamman a wata tsohuwar waƙar coci da ya fi ƙauna. Babu wanda ya taɓa faɗa masa. Mu a nan gabashin Tennessee ba ma gaya wa mutum irin wannan a gaban idonsa. Sai mu riƙe hannunsa mu ce, "Ɗan'uwa Hoyt, yau ka taɓa mana zuciya," sannan mu ƙarasa sauran maganar a mota. Leota kuwa tana bencin gaba, ido a rufe, leɓe yana motsi, mu kuma muna cewa ga mace mai son mijinta.

Ni na raka Purvis ɗauko kayan a a-kori-kurarsa. Akwatin jitar ya yi nauyin ɗan maraƙi. Leota ta riƙe mana ƙofa, har ta taya mu turawa. Ta kawo kujerar da Hoyt yake zama a kai, ta kawo lasifika, ta kawo kwalin takalmi cike da kaset ɗin kiɗansa.

"Ba za ki ajiye ko ɗaya ba?" in ji Purvis.

"Tafi da su duka, Purvis. Har kwalin."

A hanya ya ce mini, "Kin ga yadda ta yarda da ni? Abin da ta fi so a duniya ta danƙa mini."

Haɗa abin ma aiki ne. A kife yake zuwa cikin akwati, ciki a sama, duk 'yan ƙarafa da sanduna kamar an buɗe cikin keken ɗinki. Sai an ɗaura ƙafafu, a sa katakon da fedojin suke kai, a maƙala wa kowace feda sandarta, sannan a juyo shi. Purvis ya yi aikin famfo a hukumar ruwa har ya yi ritaya, saboda haka ya ce wannan ba komai ba ne. Ya haɗa sandunan a gicciye, ya taka feda, tsirkiya ta tsinke ta tsaga masa kumatu. Na same shi kwance a ƙasan gareji da tocila a baki, yana zagin ƙarfe da sunayen da ban san ya sani ba.

Da farko dabarar tasa ta yi aiki. Kusan kullum da la'asar yana barandar Leota da wata tambaya. Wane takalmi Hoyt yake sawa? Yaya yake riƙe guntun ƙarfen da ake gogawa a kan tsirkiya? Ita ba ta san amsa ba, amma tana da kek ɗin tuffa da shayi mai ƙanƙara, kuma ta fara zuwa gyaran gashi ranar Alhamis, abin da ta daina tun jana'iza. A ɗaya daga cikin ranakun nan ne ya yi mata alkawari. Ya ce ranar gyaran kaburbura da cocinmu yake yi duk shekara, a watan Yuni mai zuwa, zai kaɗa waƙar Hoyt a bakin kabarin Hoyt, yadda Hoyt yake kaɗa ta.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta ce, 'Kada ka wahalar da kanka, Purvis.' Har sau biyu ta faɗa. Kin san ta da kunya."

Ya kuma gaya mini sauran shirin. Yana gama kiɗan zai je ya tambaye ta abin da ya kasa tambaya tun muna yara. Har zoben mahaifiyarmu ya karɓa daga wurina.

Da sanyi ya shigo, wani ƙarfe da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin jitar ya saki, muka kai ta wurin wani mai gyaran irin waɗannan jitoci a kusa da Nashville. Sunansa Sterling, tsoho ne mai dogon gemu, shagonsa a bayan gida. Ni na tuƙa, don idon Purvis ba ya son babbar hanya. Sterling ya gyara ƙarfen, ya zauna ya gwada. Yana taka feda ta biyu ya ɗage kafaɗa kamar an zuba masa ruwan sanyi a wuya.

"Wa ya yi wa baiwar Allah haka?" ya ce. "Ɗan noti ne kawai a nan gefe. Rabin murɗa, ta dawo daidai."

Ya ɗauko ƙaramar sifana, Purvis ya riƙe masa hannu.

"Bar ta. Haka mai ita ya bar ta."

"Ina mai itan?"

"Ya rasu."

Sterling ya cire hularsa. Masu jitar feda suna da wannan al'adar: kowa da yadda yake tsara fedojinsa da ƙarafan gwiwarsa, kuma ba a taɓa tsarin wani sai da izininsa, balle na mamaci. Ya ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Kurma ne?"

"Dattijon coci ne," na ce.

"To, shi ke nan." Ya mayar da sifanar cikin aljihu.

Daga nan abin ya fara cin Purvis. Wannan kayan kiɗa ba ya barin gaɓa ko ɗaya ta huta. Ƙafar hagu tana kan feda, ta dama tana ƙara murya tana ragewa, gwiwoyi biyu suna ture ƙarafa, hannu ɗaya da guntun ƙarfe, ɗayan da faratan ƙarfe a yatsu. Ido kuwa yana ƙasa kullum. Ban taɓa ganin mai jitar feda ya ɗago ya dubi mutum yana kiɗa ba. Purvis ya daina zuwa kamun kifi. Ya daina zuwa karin kumallon tsofaffin ma'aikata. Tambayoyinsa ma suka ƙare, don yanzu ya fi Leota sanin Hoyt, yana da kaset.

Wata rana Leota ta buga mini waya.

"Ozella, ƙanen naki lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yana gareji."

"Na yi kek, na ga zai lalace. Ko za ki biyo ki kai masa?"

Na kai masa. Ya ci yanka biyu bai dubi farantin ba, bai tambayi daga ina ba. Na ce, "Kai, matar nan fa tana zaman jiranka a baranda, da sabon gashi." Ya ce, "Don ita nake yi, Yaya," ya mayar da kaset baya. Haushi ya kama ni har na tafi ban rufe masa ƙofa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaron ya iya. Ashe yana da kunne, ba mu sani ba. Zuwa bazara hannunsa ya fi na Hoyt taushi nesa ba kusa ba. Har ya gano cewa idan ya ɗan karkata guntun ƙarfen, muryar da ke maƙalewa tana isa inda ya kamata, ko ba a taɓa notin ba. Na ji shi ya yi haka sau ɗaya, tsikar jikina ta tashi. Sai ya tsaya, ya girgiza kai, ya ce ba haka Hoyt yake yi ba. Makonni ya yi yana koyon yadda zai ɓata wurin daidai da kaset.

Ranar gyaran kaburbura ta zo da zafi. Tun Asabar aka yanke ciyawa, aka wanke duwatsu, kowane kabari ya sha furen roba. Bayan addu'a aka jera tebura a ƙarƙashin itatuwa: soyayyar kaza, koren wake, dankali, kek iri-iri. Aka jawo wayar lantarki daga cikin coci har bakin kabarin Hoyt. Purvis ya sa taye, ya cire takalmi ya zauna da safa, zoben yana aljihun rigarsa.

Ya fara. Jama'a suka yi tsit, don ba wanda ya zaci abin zai yi daɗi haka. Har na fara alfahari da shi. Sai ya taka feda ta biyu, muryar ta taso, ta kusa isa, ta maƙale. Duk maƙabartar aka ɗage kafaɗa lokaci ɗaya. Fasto ya dubi kabarin don ya tabbata a rufe yake. Na waiwaya wajen Leota, na ga ido a rufe, leɓe yana motsi, hawaye suna zuba har kan kwalar rigarta. Matan da ke kusa da ni suka fara share nasu.

Da ya gama aka yi layi ana riƙe hannunsa. "Ɗan'uwa Purvis, yau ka taɓa mana zuciya."

Ina bayan teburin kek ina yanka, Leota tana gefena tana jera faranti, sai ga shi ya zo, takalmi a hannu. Ban matsa ba. Na jira wannan maganar tun ina budurwa, ba wanda zai kore ni.

"Leota," ya ce, "na ga kin yi kuka."

"Na yi."

"Na so in dawo miki da shi ne, ko na ɗan lokaci."

"Ka dawo da shi kuwa." Ta ajiye farantin. "Purvis, shekara arba'in ina jin wannan muryar. A coci, a falo, ranar haihuwata, ranar da na dawo daga asibiti da jariri. Kun ɗauka me nake faɗa in na rufe ido? Roƙon Allah nake ya kawo ƙarshen baitin. Ina son Hoyt, Allah ya sani, amma tsakar kansa kawai nake gani, kullum yana sunkuye a kan jita. Da ya rasu na yi kuka, sannan na ji gidan ya yi shiru, na ji kunyar yadda shirun ya yi mini daɗi."

Purvis ya ajiye takalminsa a ƙasa.

"Mutum uku suka nemi sayen abin nan, duk makaɗa. Kai na ba wa, don na tabbata ba za ka iya ba. Na ce zai yi wata ɗaya ya gaji, ya jefa shi a gareji, ya dawo baranda mu sha shayi." Ta share hanci. "Ashe kai ma irinsu ne."

Tausayinsa ya kama ni har wuƙar ta yi mini nauyi. Amma ya yi ƙoƙari, wannan kam sai na yaba masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da zoben, ya ce abin da ya yi shekaru yana haɗawa, cikin kalmomi kaɗan. Leota ta dubi zoben, fuskarta ta yi laushi.

"Zan aure ka," ta ce. "Ko gobe. Amma wancan abin ba zai shiga gidana ba, ba kuma za ka ajiye shi a wani wuri kana satar zuwa ba. Ka sayar."

Abin da ya rage masa shi ne ya ce to. Na san zai faɗa, ya ma fara. Sai dai kafin kalmar ta fito ya juya kai ya dubi jitar, can bakin kabari inda rana take dukanta. Kallo ne na ɗan lokaci kaɗan, irin wanda uwa take yi in ta tuna ta bar jariri a rana.

Leota ta gani.

"Haka Hoyt yake kallonta," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe masa yatsunsa a kan zoben, ta ɗauki jakarta da kwanon kek ɗinta wanda ba a ma taɓa ba, ta nufi mota.

Kafin kaka ta sayar da gidan ta koma wurin 'yarta a Knoxville. Purvis ya dawo mini da zoben a cikin kwalin kaset. A satin da ta tafi ya sayi ƙaramar sifana ya murɗa notin nan da kansa, rabin murɗa, kamar yadda Sterling ya ce.

Yanzu shi yake kiɗa a coci kowace Lahadi, kuma feda ta biyu tana kaiwa. Mutane suna zuwa daga wasu garuruwa don su ji shi. Suna cewa ba su taɓa jin jita tana kuka irin haka ba, suna tambayata a ina ya koya. Nakan ce a gareji. Bencin gaba, wajen taga, ba wanda yake zama, shi kuma ba ya ɗago kai ya duba.